Kwana Bakwai

A ƙasan kabad ɗin Mama,
sati biyu bayan mun raka ta makwanci,
na tarar da gwangwanin biskit mai tsatsa.
Naɗin fim ne a ciki, guda tara,
suna warin tsami kamar kwananniyar gasara,
kowanne da rubutun Baba a gefe:
Tashar jiragen ruwa. Bikin Amparo. Ranar da aka kawo firji.

Wani dattijo a gangaren kasuwa,
shagonsa ƙunci kamar aljihun yaro,
ya karɓe su da farar safar hannu,
ya ce in dawo ran Alhamis.
Ran Alhamis ya miƙo mini abin da bai kai ɗan yatsa ba.
Ashe shekara goma sha ɗaya na shiga nan,
har da sauran wuri.

Na kunna.
Ga Valparaíso tana makyarkyata a allo,
gidaje sun ɗare tudu kamar awaki,
teku ya koɗe, ya koma ruwan toka.
Ga Mama, ba ta kai shekaruna na yau ba,
tana korar kyamara da cokalin miya.
Bakinta na motsi, babu sauti.
Na kara kunne jikin kwamfuta kamar wawuya.

Baba bai fito ko sau ɗaya ba,
shi ke riƙe da kyamarar.
Sai dai inuwarsa kan yashi, doguwa, gwiwar hannu a ɗage,
kullum tana taɓa ƙafafunmu.

Dare guda na yi ina ɗora shi a rumbun intanet,
shuɗin layi na rarrafe kamar mai ciwon baya.
Da gari ya waye aka ba ni adireshi,
tarkacen haruffa da lambobi,
aka ce bayan kwana bakwai zai mutu.
Abin da ya sha shekara hamsin a gwangwani
shi ake ba wa wa'adin mako.

Mutum biyar na tura wa.
Gwaggo Amparo ta kira daga Malmö tana kuka,
na ɗauka bikinta ne ya taɓa ta,
ashe karen da ya gifta bayan ango ne.
Ta ce, sunansa Almirante, kifi ya fi so.
Ximena a Toronto ta ce fim ɗin ya yi nauyi,
sai da ta share hotunan kyanwarta.
Tagwayen Kawu Eliodoro suka turo 'yan zukata,
na san ba su kalla har ƙarshe ba.

Saura Baltazar.
Shekara goma sha tara ba mu yi magana ba,
tun ranar da ya sayar da gidan kan tudu
ina asibiti.
Adireshin kawai na tura masa, ko gaisuwa babu.
Ban ce masa ya duba minti na arba'in da ɗaya ba,
inda yaro mai faɗuwar haƙori
ya goya ƙanwarsa ya shiga ruwa,
igiya ta kwashe ƙafarsa, suka faɗi tare,
ya tashi yana ɗaga ta sama
kafin ya share nasa idon.

Rumbun yana ƙirga masu saukewa.
Talata, huɗu.
Laraba, huɗu.
Na koma leƙa lambar nan kamar mai jiran tafasar tukunya.
Jumma'a na ce na daina, na leƙa sau shida.

Daren ƙarshe, sha ɗaya da minti ashirin,
ta koma biyar.

Na san Gwaggo Amparo kan manta,
ta danna abu sau biyu.
Na sani.
Waya ba ta yi ƙara ba, ni ma ban kira ba.
Sha biyu ta buga, adireshin ya mutu.

Na dafa shayi, na buɗe taga,
jirgin kaya na kuka can ƙasan gari.
Na jawo kujera, na sake ɗora fim ɗin daga farko.
Wannan karon mutum ɗaya zan tura wa,
kuma zan rubuta: minti na arba'in da ɗaya.